Na Baya Sai Labari?

A filin da muke buga balo muna yara, a bayan makarantar ƙauyenmu da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, ba a taɓa yin gardama a kan wanda zai tsaya baya ba. Gardamar duk a kan gaba take. Mai balo shi ne lamba tara, ko da ƙafarsa ba ta san hanyar raga ba, abokansa su jeru dama da hagunsa, sa'an nan a waiwayo a dubi sauranmu, wato ƙanana da masu nauyin jiki da waɗanda suka zo a makare, a ce mana, "Ku ku koma baya." Ni ina cikin waɗanda ake waiwayowa a duba. Shekaru na yi ina tsaye cikin rairayi a gaban takalma biyu da muka ajiye a matsayin raga. Idan muka ci, ban da ni a waɗanda ake ɗagawa sama. Idan aka ci mu, sunana ake fara kira.

Abin da ya tuno mini da wannan fili shi ne wani aiki da aka ba mu a darasin ilimin ma'ana, cewa mu tattaro sunayen sassan jiki waɗanda Hausa ta mayar kalmomin wuri da lokaci. Aikin ya yi mini sauƙi da farko: kai ya ba mu kan tebur, baki ya ba mu bakin kogi, ciki ya ba mu cikin gari, goshi ya ba mu goshin magariba. Da na iso kan baya sai alƙalamina ya tsaya. Ƴan'uwana ɗalibai sun san cewa rubutunmu na yau da kullum yana ɓoye kalmomi biyu a nan. Akwai baya mai dogon wasali a ƙarshe, suna ne, sashen jiki ne, shi ake goya yaro a kansa. Akwai kuma baya mai gajeren wasali, bayanau ne na wuri, shi ake tura mutum a ce ya koma can. (Ita kalmar bayanau daga bayani ta fito, babu ruwanta da wannan dangi.) Na raba takardata gida biyu. A gefe ɗaya na jera ci baya da koma baya da ja da baya da juya baya da kurar baya, da karin maganar nan da ke cewa na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. A ɗaya gefen na jera goyon baya da mara baya da rufa baya, da addu'ar da ake yi in an je gaisuwar mutuwa, Allah ya albarkaci baya. Ina duban jerin nan biyu sai mutum biyu suka faɗo mini a rai. Ɗaya duniyar ƙwallo ta san shi, shi ne Shehu Abdullahi, ɗan wasan baya na Nijeriya. Ɗayan kuwa yayana ne, kuma daga bakinsa na fara jin sunan Shehu.

Mahaifinmu ya rasu ina aji shida na firamare. Yaya a lokacin yana kwaleji a Mayahi, kuma malamansa suna yabon kansa. Ba a yi wani taro a gida ba, ba wanda ya ce masa ya bar karatu. Bayan sadakar arba'in ya ɗaure littattafansa da kaba, ya ɗora su a saman rumbu, ya ɗauki hauyar Baba. Tun daga nan shekararsa ta rabu biyu kamar ta yawancin samarin yankinmu: da damina gero da wake da gyaɗa, da an kai amfani gida kuma ya tsallaka iyaka ya tafi ci-rani Kano, inda yake taya wani mutumin garinmu aiki a teburin shayi kusa da Ƙofar Mata. Filin wasa na Sani Abacha yana nan kusa, ƙungiyar Kano Pillars kuwa a shekarun nan tana kan ganiyarta, domin ita ta ɗauki kofin gasar Nijeriya a 2012 da 2013 da 2014 a jere. Idan Yaya ya dawo da bazara, yaran unguwa sukan kewaye shi su ce ya ba su labarin Rabi'u Ali da Gambo Muhammad, masu zura ƙwallo a raga. Yakan ba su, amma ba ya rufe hira sai ya ce akwai wani yaro Basakkwace, duk inda aka sa shi yana tsayawa, yau tsakiya, gobe baya, ba a jin bakinsa. Mu dai ba mu damu da wannan yaro ba. Wa zai tsaya sauraron labarin na baya?

An haifi Shehu Abdullahi a Sakkwato ranar 12 ga Maris, 1993. Ya bi ta Plateau United ta Jos kafin ya zo Kano Pillars a 2012, ya ci kofin gasa da ita. A 2014 ya fita waje, kuma wanda ya bi sawunsa daga nan zai ga ci-rani ne irin wanda muka sani, sai dai nisan zangon ya fi namu. Ya fara da Qadsia ta Kuwait. A 2015 ya koma União da Madeira, ƙaramar ƙungiya a wani tsibirin Fotugal da ke tsakiyar tekun Atlantika, tsibirin da aka haifi Cristiano Ronaldo. A ƙarshen kakar nan ƙungiyar ta faɗo daga babbar gasa. A 2016 ya wuce Saifurus, wurin Anorthosis, ƙungiyar da ita kanta baƙuwa ce a inda take wasa, domin tun yaƙin 1974 ta baro garinta Famagusta ta zauna Larnaka. A farkon 2018 Bursaspor ta Turkiyya ta ɗauke shi, kuma yana can ƙungiyar ta faɗo a 2019. A 2020 ya sake komawa Saifurus, wannan karon wurin Omonia ta Nikosiya, inda ya ɗauki kofin gasa a 2021 da kofin ƙalubale a 2022. Daga nan ya ɗan taɓa zama a Levski Sofia ta Bulgeriya. Ƙungiya shida ke nan a ƙasa biyar, cikin abin da bai kai shekara goma ba.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi tsaya mini a wannan yawo shi ne maganar baki. Ɗan wasan gaba yana iya yin shekara a ƙasar da ba ya jin harshenta, ƙafarsa ta yi masa magana. Na baya ba shi da wannan gata. Shi ne fili duka yake gabansa, shi ke ganin wanda ya sulale ta bayan abokinsa, saboda haka dole ya yi kira, ya tsawata, ya ce a matso ko a ja. Hausawa sun ce na gaba idon na baya, amma a filin ƙwallo abin ya juye, na baya ne idon na gaba. Shehu ya yi wannan aiki a ƙasar Larabci da ta Fotugis da ta Girkanci da ta Turkanci da ta Bulgariyanci. Nakan kwatanta shi da Yaya, wanda ya bar makaranta da Faransancinsa, ya je Kano ya tarar balo ta zama ƙwallo, arbit ya zama rafali, dala ta zama naira, aka yi ta yi masa dariyar "tahi" da "hwaɗi" har ya koyi "tafi" da "faɗi" don ciniki, in ya dawo gida kuma ya ajiye su a bakin iyaka.

A rigar ƙasa ma haka tarihin Shehu yake. Yana cikin ƴan wasan cikin gida da Stephen Keshi ya kai Afirka ta Kudu gasar CHAN a 2014, suka zo na uku. Yana cikin tawagar Samson Siasia a wasannin Olamfik na Rio a 2016, tawagar da ta maƙale a Atlanta ta Amurka, ta sauka Manaus saura ƴan sa'o'i a take wasa, amma ta doke Japan da ci 5 da 4. A ranar 20 ga Agusta suka doke Honduras da ci 3 da 2 suka karɓi tagulla, lambar yabo ɗaya tilo da Nijeriya ta samo a Rio. Wanda duk ya tuna da wannan gasa zai ambaci Etebo da ƙwallayensa huɗu a ragar Japan, da Mikel, da Sadiq Umar da Aminu Umar. Shehu yana gefen dama a baya, wurin da masu kallo ke kira lamba biyu, yana hawa yana sauka.

Ranar da na fara ganinsa da idon Yaya ita ce Asabar, 7 ga Oktoba, 2017. Ina ajin ƙarshe na lise a Tasawa, ina zaune gidan wani dattijo abokin Baba. Kaka ta yi, Yaya ya ɗoro buhun gero a amalanke ya kawo wa mai masaukina, kamar yadda yake yi kowace shekara don kada in zama nauyi. Da la'asar ya ce in zo mu je gidan kallo, Nijeriya za ta kara da Zambiya a Uyo, in ta ci ta samu gurbin gasar cin kofin duniya a Rasha. Rumfar ta cika maƙil, injin wuta yana ruri a waje, ana ta zufa, wasa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Saura kamar kwata a tashi, Victor Moses ya tura ƙwallo gefen dama. Sai ga Shehu ya taso tun daga baya da gudu, ya kai ta kusa da layin ƙarshe, ya maido ta ƙasa-ƙasa cikin da'ira, Alex Iwobi ya sa ƙafa. Rumfa ta ɗauka, "Iwobi! Iwobi!" Ni ma ina ciki, har da tsalle a kan benci. Yaya ya jawo rigata, ya sa bakinsa a kunnena saboda hayaniya, ya ce, "Kai ɗan lakwal, ba ka ga wanda yak kawo ta ba?" Da aka sake nuna ƙwallon a hankali na gani. Na kuma ga abin da ban taɓa lura da shi ba: ana can ana rungumar Iwobi, wanda ya kawo ta zai sake yin gudun nan duka ya koma wurinsa, domin akwai sauran minti goma sha biyar da za a tsare gida. Da wannan ci ɗaya Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu gurbin Rasha.

Bayan wata biyu sunan Shehu ya cika kafafen labarai fiye da yadda ya cika su a ranar Uyo, amma ta wata fuska. An sa shi a wasan ƙarshe na neman gurbi da Aljeriya a watan Nuwamba, aka tashi 1 da 1, alhali yana da katin gargaɗi biyu da suka wajabta masa hutun wasa ɗaya. A watan Disamba FIFA ta ba Aljeriya wasan da ci 3 da nema, ta kuma ci tarar hukumar ƙwallon Nijeriya. Lissafin katuna aikin jami'ai ne, kuma hukuncin bai hana Nijeriya zuwa Rasha ba, amma hoton Shehu aka liƙa a kan labarin. A Rasha ya fara wasan farko da Kuroshiya ranar 16 ga Yuni, 2018, sanye da riga mai lamba 12, aka ci Nijeriya 2 da nema. Koci Gernot Rohr ya sauya tsari, Shehu ya kalli sauran wasanni biyun daga benci, ciki har da ranar da abokinsa Ahmed Musa ya zura biyu a ragar Aisilan. A gasar cin kofin Afirka ta 2019 a Masar ya fara wasan farko da Burundi, ya ji rauni tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Wannan shi ne rabon na baya: aikinsa idan ya yi kyau, abin da ake gani shi ne babu abin da ya faru, kuma babu wanda ke tafa wa abin da bai faru ba.

Mu ma a Nijar haka muke yi wa namu. Duk wanda ya kai hankali a 2010 ya san Moussa Maâzou ne ya ci Masar a Yamai, a lokacin da Masar ke riƙe da kofin Afirka sau uku a jere, kuma wannan nasara tana cikin abin da ya kai Mena gasar 2012, zuwanta na farko. Amma a tambayi matashi a Tasawa ko Maraɗi su wa suka tsare bayan Mena a shekarun nan, da wuya ya kawo Koffi Dan Kowa ko Mohamed Chicoto ko Kader Amadou. Makin farko da Nijar ta taɓa samu a gasar cin kofin Afirka kuwa, a 2013 ne, a wasan da aka tashi babu ci da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Ranar nan ba mu da wanda ya zura ƙwallo da za mu yi wa kirari. Mai tsaron gida Kassaly Daouda da mutanen da ke gabansa su suka samo mana makin.

Duk wannan na san shi, har nakan yi wa abokai bayaninsa a ɗakin kwanan ɗalibai, amma sani bai hana ni yin abin da na yi ba. A hutun damina na 2022 na je gida daga Yamai. Wata rana bayan sallar isha muna zaune a ƙofar gida, samari sun kewaye ni suna tambayar labarin birni da jami'a, yadda dā suke kewaye Yaya. Daɗin hira ya ɗebe ni, na ce musu zaman ƙauye ci baya ne, duk mai son kansa da arziki ya fita. Yaya yana gefe yana gyaran ƙotar hauya a hasken tocila. Bai ɗago kai ba, ya ce, "Gaskiya ka hwaɗi, Malam. Sai dai in kowa ya wuce gaba, wa aka bari ga gida?" Samarin suka yi dariya, suka ɗauka raha ce. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, kuma kalma ɗaya ce ta sanyaya shi. Tun ina yaro Yaya bai taɓa kirana da wani suna ba sai ɗan lakwal. A darasin walwalar harshe mun karanta yadda kalmar girmamawa ke iya zama katanga tsakanin mutum biyu, na kuma rubuta jarrabawa a kai na ci. A daren nan ne na ji yadda katangar take.

Da na shiga gida Inna ba ta yi barci ba, ta ji komai ta bayan dangar kara. Ba ta yi mini faɗa ba. Tambayata ta yi ko na lura babu sa a turke. Na ce na ɗauka an kai shi kiwo. Ta ce an sayar da shi tun shekarar da na shiga jami'a, lokacin da kuɗin tallafin karatu suka yi jinkiri na aiko cewa ba ni da na abinci da na takardu. Tun daga nan amalanken haya Yaya ke jira da kaka, in bai samu ba ya ɗauko dammunan gero a ka. Ya kuma hana kowa ya gaya mini, wai kada hankalina ya rabu. Ni da nake taƙama da lura da wanda ya kawo ƙwallo a Uyo, shekara uku ina cin ƙwallo ban waiwaya na ga wanda ke kawo mini ita ba.

A nan ne na gane wani abu game da kalmomin ƙwallo na Hausa wanda ban sa a takardar aikina ba. Hausawa da suka karɓi wannan wasa sun ari kalmomi da yawa, daga Ingilishi a kudancin iyaka, daga Faransanci a arewacinta, amma wurin da ake karewa sun kira shi da kalmarsu, gida. Gola mai tsaron gida ne. Wanda ya laɓe a bayan ƴan baya ya yi satar gida. Wanda ya zura ƙwallo a ragarsu ya ci gida. Kirarin Kano Pillars kansa Sai Masu Gida ne. Ashe mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye sun fahimci wasan ta fuskar wanda ya tsaya. Mai fita nema yana fita ne saboda akwai wanda ya bari a ƙofa, kuma abin da ya samo ba ya zama riba sai gida bai ɓalle ba. Tambayar Yaya ta daren nan, ko ya sani ko bai sani ba, da harshen filin ƙwallo ya yi ta.

Ban iya ba shi haƙuri da baki ba, domin a gidanmu ƙane ba ya tsayar da wansa ya ce ya yafe masa, abin zai fi laifin nauyi. Da asuba na riga shi ɗaukar hauya, na bi shi gona, ana maimai. Bai ce mini komai ba har rana ta take. Hannuna ya yi kanta, bayana ya riƙe, ina ta fama in kamo shi. Can ya tsaya ya jingina da ƙota, ya dubi kuyyar da na nome, ya girgiza kai ya ce, "Ɗan lakwal, waiwaya ka gani, ciyawa duk ka bar ta bayanka." Na waiwaya, gaskiyarsa ce. Na koma farkon kuyya na sake, ina murna kamar an ba ni kyauta.

Shehu Abdullahi ya dawo Kano Pillars bayan yawonsa, kuma a 2024 Ahmed Musa ya same shi a can, suka sa riga ɗaya a gasar cikin gida. Na ji masu cewa wannan ci baya ne ga mutumin da ya buga kofin duniya. Ban yi musu da su ba, sai dai na san kalmar, na san kuma yadda take fita daga baki da sauƙi. Yaya yanzu ya rage zuwa Kano, domin rufe iyaka da aka yi ta yi da faɗuwar naira sun rage wa ci-rani albarka, amma labarin ya riga ni isa wurinsa. Saƙon murya ya aiko mini ta WhatsApp, ana jin kukan awaki a bayansa, ya ce, "Mutuminmu ya dawo gida." Daga nan ya shiga maganar da ta sa ya kira: ƴarsa ta fari ta ci jarrabawa, za ta shiga kwaleji a Tasawa, kuma yana tunanin inda za ta zauna da abin da za ta ci. Na ce masa littattafai da kuɗin makaranta ya bar mini su, ina ɗan koyarwa da yamma a wata makaranta a nan Yamai. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce to, shi zai kai geron.